Dalilin da ya sa yawan kallo a YouTube ba ya kai waƙa jadawalin Billboard

Ka yi tambaya kan abin da ya sa waƙoƙinmu na Hausa, waɗanda miliyoyin mutane ke kallo a YouTube, ba sa shiga jadawalin Billboard Hot 100, wato jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe. Amsar ita ce wannan jadawali na Amurka ne, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne sauraron waƙa ta intanet a cikin Amurka, da yawan sanya ta a gidajen rediyon ƙasar, da kuma sayen ta a can. Kallon da aka yi daga Kano ko Maraɗi, komai yawansa, ba ya shiga wannan lissafi.

Na daɗe ina bibiyar jadawalin, kuma abin da na lura shi ne rediyo ce ke riƙe waƙa a sama. Waƙar "Calm Down" ta mawaƙin Najeriya Rema ta fito a farkon 2022, amma sai bayan da ya sake rera ta tare da mawaƙiyar Amurka Selena Gomez, gidajen rediyon Amurka suka rungume ta, sannan ta kai matsayi na 3 a 2023. Idan karɓuwar waƙa a Najeriya kake son aunawa, jadawalin TurnTable na Najeriya ya fi dacewa da buƙatarka.