Daɓen tsakar gida a ƙasar ƙanƙara

Tambaya: Malam, daɓen simintin da na yi a tsakar gida duk ya tsattsage bayan hunturu ɗaya kacal. Ƙanƙara ce ko aikin ne bai yi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun ne. Ruwa in ya daskare girmansa na ƙaruwa kusan kashi 9 cikin 100, to in ya kwanta ƙarƙashin daɓen sai ya ɗaga shi, ya narke ya sake shi, haka dai har ya fashe. Ka haƙa sosai ka zuba tsakuwa kamar santimita 20, a danne ta da inji, a ɗan karkata daɓen ruwa ya riƙa gangarewa. Ni dai na fi son intalok, wato ƙananan bulo na daɓe da ake jerawa, ko ya motsa cirewa za ka yi ka gyara. Gishirin narkar da ƙanƙara kuwa cin siminti yake, ka watsa yashi a maimakonsa.