Tambaya da Amsa: Suturar 'Yan Mata Masu Jiki

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, shekaruna 22, kuma ina da jiki. Na sayi abaya mai lamba 60 don an ce ita ce mafi girma, sai ga ta tana share ƙasa amma ƙirji ya ƙi shiga. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Lambar ce ta yaudare ki. A abayoyin da ake kawowa daga Dubai da Saudiyya, 52, 54, 56, 58 da 60 tsawo suke nunawa a inci, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Faɗi maganarsa daban. Mai matsakaicin tsawo 54 ko 56 za ta ɗauka, ko siririya ce ko mai ƙiba. Don haka ki riƙa shiga kasuwa da tef ɗin awo a jaka. Ki shimfiɗa abayar, ki auna daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu. Abin da ya fito ya ɗara awon ƙirjinki da inci 4 zuwa 6. Idan ƙirjinki 46 ne, daga hammata zuwa hammata kada ya gaza 25. Ki duba hannu ma, domin damtse ne ke fara tona asirin riga. Abaya mai hannun jemage, wadda hannun ya haɗe da jikin rigar, ta raba ki da wannan matsalar gaba ɗaya.

Sauran kayan kanti kuma kowace ƙasa da lissafinta. Lamba 18 ta Ingila ita ce kusan 14 ta Amurka, 46 ta Turai, kuma kayan Turkiyya lambar Turai suke bi. Na Sin kuwa yankansu ƙanana ne, XXL ɗinsu sau da yawa bai wuce L na Ingila ba. Mai sayarwa a WhatsApp da ta ce miki "yana yi wa kowa", ki ce ta ɗora tef a kai ta turo hoto.

Tambaya: Anti, turmi ɗaya na atamfa zai ishe ni? Mazaunaina inci 52 ne, kuma tela kullum sai ya ce kaya sun yi kaɗan. Daga wata budurwa a Kano.

Amsa: Zai isa, in an tsara kafin a sa almakashi. Turmi yadi 6 ne, kowane yadi inci 36, faɗin atamfa kuma wajen inci 45 ne ko ya ɗan haura. Bubu ita ce mafi sauƙin ci: tsawonki sau biyu, wato kamar yadi 3 da rabi har da kalmasa, kuma wannan bai canzawa don an ƙara ƙiba. Ɗinkin gefe ne ake matsarwa. A naki, tsakanin ɗinkin dama da na hagu ya kai inci 29, sai ta zauna a jiki ba ta kama ba, ba ta kuma zama buhu ba. Ragowar ya fitar da ɗankwali har da saura. Amma ki dubi inda zanen atamfar ya fuskanta tukuna, kada tsuntsaye su kwanta a gicciye.

Riga da siket sun fi cin yadi: siket mai yanka shida yadi 3, riga 2, ɗankwali 1. Babu rarar manyan hannaye masu tattara, sai dai a yi haɗi da yadi marar zane, wanda ya fi araha, ya kuma ƙara wa ɗinkin kyau. Zani kuwa a nan ake cutar masu jiki. An saba yanka yadi 2, wato inci 72. A kan mazaunai 52, inci 20 kawai ya rage na rufi, shi ya sa yake buɗewa da an ɗaga ƙafa. Ki ce a yanka miki 2 da rabi.

Abu uku za ki nanata wa tela. Ya auna ki da rigar nonon da za ki sa kayan da ita, domin ita ke yanke inda ƙirji zai zauna. A bar inci 1 da rabi a cikin kowane gefe, don a iya saki in jiki ya ƙaru. Sannan kada a ƙara faɗin kafaɗa don ƙirji ya yi girma. Wannan kuskuren ya yi yawa: tela ya faɗaɗa rigar gaba ɗaya, kafaɗa ta zubo kan damtse, wuya ya wangale, yarinya 'yar ashirin ta koma kamar ta aro kayan gwaggonta. Kafaɗa a kan awonta, ƙarin a ƙirji da ƙugu. Kuma ki jiƙa atamfar ta bushe kafin a yanka, auduga na ɗan tsukewa a wankin farko.

Tambaya: Kuɗina ba su da yawa. Ina zan samu masu kyau da sauƙi? An kuma ce mai ƙiba baƙaƙen kaya kawai ke mata kyau. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Maganar baƙi ba mu yarda da ita ba. Abin da ke ɓata kwalliya yadi ne mai sheƙi ko mai roba marar kauri, wanda ke manne wa jiki yana bin kowane lanƙwasa. Ja, ruwan goro, shuɗi, duk ki sa, in dai yadin na da ɗan nauyi yana zuba. Leshi mai huda-huda a yi masa shafi na auduga saboda zafi.

Kan kuɗi, sayen yadi a ɗinka ya fi kayan kanti riba ga mai jiki. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku sara a Kantin Kwari, ko ku ba mai zuwa Kano saƙo. Ki kai ɗinki wata biyu kafin Sallah, lokacin tela bai ruɗe ba, kuɗin ɗinki bai tashi ba. Gwanjo ma na da manyan lambobi sosai, musamman dilar da ta fito daga Ingila da Amurka. Ki tambayi mai kaya ranar da yake kwance dila, ki je da sassafe. Ki ɗaga riga a haske, ki duba hammata da zif, wando kuma tsakanin cinyoyi, nan ne yake fara cinyewa. Wadda ta yi miki yawa ki saya tela ya rage. Wadda ta matse ki bar ta a nan, ko da kyauta aka ba ki.