Riyal 3000 ne a hannuna, me zan fara gyarawa a mashin kafin in shiga filin tsere?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya. Ni ƙanenka ne daga Riyad, na ɗan tara kuɗi na sayi Ninja 400 na hannu ƙirar 2019. Abokai sun matsa min in bi su filin tsere na Dirab ranar da ake buɗe wa masu mashin fili, ni kuma wallahi inaso amma tsoro nake ji, don ni kaɗai ke tura wa Hajiya kuɗi gida, in na karye babu mai riƙe ta. Riyal 3000 gare ni. Wani ya ce zai sayar min da tayoyin gasa irin marasa zanen nan da aka ciro daga wani mashin, da arha, wai ba sai na nemi bargon ɗumama taya ba tunda zafin Riyad kaɗai ya ishe su, ragowar kuɗin kuma in sa salansa. Dan Allah Yaya me zan fara yi in je in dawo lafiya?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron nan naka ka riƙe shi, da shi za ka dawo gida da ƙafarka, kuma na ji daɗi da ka zaɓi fili maimakon titin Sarki Fahad da tsakar dare. Mashin ɗin da ka saya ma ya dace, cc 399 ne, mara nauyi, ba ya cin taya kamar manya, a kansa mutum ke koyon kwana yadda ya kamata.

Salansa ka manta da ita tukuna. Ƙara ce kawai za ta ƙara maka, ko daƙiƙa ɗaya ba za ta rage maka a zagaye ba a matakin da kake.

Yanzu bari mu zauna kan tayoyin nan, don wannan maganar ta ishe ni, kusan duk sati sai wani yaro ya shigo gareji a sana'iyya, unguwar garejoji, riƙe da ita. Taya marar zane, silik, ba wai taya ce mai kama ƙasa a kowane hali ba. Robarta an haɗa ta ne don ta yi aiki a cikin wani zafi na musamman, shi yasa kake ganin masu gasa na naɗe ta da bargon lantarki kusan awa guda, a wajen digiri 80, har sai zafin ya ratsa cikinta ya taɓa rim, kuma ba sa cire bargon sai lokacin fita. In ba ta kai wannan zafin ba tauri take yi kamar robar bokiti, tayar titi ta kirki ta fi ta kamu nesa ba kusa ba. To wanda ya ce maka zafin Riyad ya isa, ka tambaye shi, Riyad ɗin ta taɓa kai digiri 80? A tsakiyar bazara iska tana kai 45, kwalta ta wuce 60, wannan saman robar kawai yake gasawa, cikin tayar na nan yadda yake. Kuma wa ke shiga fili da rigar fata a azahar ɗin watan Yuli? Yawancin hawan nan da sanyi ake yi ko da yamma, kai kanka ka san safiyar Janairu a Riyad tana sauka ƙasa da digiri 10, hannu ma ƙagewa yake.

A ce ma an ba ka aron bargo da janareto ka ɗumama ta. Abin da ke riƙe zafi a cikin silik bayan an fita shine yadda mahayi ke matsa mata, birki mai ƙarfi, kwanciya sosai a kwana, buɗe totur da wuri. Kai ranar farko ce, a hankali za ka tafi kuma haka ya kamata, to tayar hucewa za ta riƙa yi kana kanta, zagaye na uku ta fi na farko sanyi, daidai lokacin da zuciyarka ta fara kwanciya ka ce bari in ƙara kwantar da shi. Tayar titi in za ta zame tana ɗan motsi ta gargaɗe ka. Silik mai sanyi sai dai ka ji ka a ƙasa.

Sai kuma na hannu ce. Duk lokacin da tayar gasa ta yi zafi ta huce robarta na ƙara bushewa, bayan ƴan lokuta ta mutu ko da namanta na nan a cike, shi yasa mai ita ya cire ta, ba don yana sonka ba. Ido ba ya gane wannan. Mai sayarwa zai nuna maka ƴan ramukan aunawa ya ce kaga da sauranta, amma sau nawa ta hau bargo, wata nawa ta yi a saman rufi ko a bayan mota cikin ranar Saudiyya, ba zai faɗa ba, wataƙila shi ma bai sani ba don daga haraj, kasuwar kayan hannu, ya kwaso. Wasu ma daga mashin mai cc 600 ake cirowa, faɗin ta baya 180, alhali naka 110/70 ne gaba 150/60 baya a kan inci 17, sai wani mai facin taya da bai taɓa shiga fili ba ya matse ta a kan siririn rim ya ce ta shiga. Ta shiga amma siffarta ta lalace, mashin zai riƙa faɗawa kwana yadda ba ka zata ba. Akwai yaron da na hana da bakina, ya je wani wuri aka ɗaura masa, zagayen farko kwana ta uku tayar gaba ta zame, ko gudu ba ya yi, ƙashin kafaɗa ya karye, wata biyu ba aiki, kafili, wato ubangidan aikinsa, ba ya jin wannan labarin. Na je duba shi mahaifiyarsa na kira daga gida yana ɓoye mata. Har yau abin na ci min rai, kuma wanda ya sayar masa yana nan yana sayar wa wasu, yana rantsuwa wai shi ma da ita yake hawa. Dan Allah ku daina karɓar fatawar taya a majalisar shayi da guruf ɗin WhatsApp, wanda ya ba ka shawarar ba shi zai kwanta a asibiti ba.

Abin da za ka saya sabbin tayoyin titi ne na wasanni a sayiz ɗinka, irin su Diablo Rosso ko Battlax S22, zagaye biyu a hankali sun ɗumama, kuma da su za ka koma gida ka je aiki washegari. Kafin ka biya ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Sabuwa a leda ma in ta daɗe a sito ka bar musu. Ka sayi gejin iska naka na kanka, kar ka yarda da na gidan mai, ka auna tana sanyi, ka sake aunawa da ka fito don iska na hawa da zafi. Kar ka kwafi lambar masu manyan mashina, ka fara da abin da littafin mashin ɗinka ya ce, in za a rage kaɗan ne, mai koyarwa a filin zai nuna maka.

Na biyu birki. Faifai ɗaya gare ka a gaba, shi ke ɗaukar kusan duk aikin. Man birki yana shan danshi daga iska yana tsufa, sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 155, in ya tafasa kuwa za ka ja hannun birki ya taho har jikin kan mashin ba komai. Mashin na 2019 na hannu, ina kyautata zaton ba a taɓa canja masa ba. A zubar a sa sabo daga kwalbar da ba a buɗe ba, DOT 4 ko 5.1, banda DOT 5, wannan silikon ne ba ya haɗuwa da su. Fad ɗin birki in ya wuce rabi a canja, ka yi ƴan kwanaki da shi a gari ya zauna kafin ranar.

Sauran ƙananan abubuwa ne, yamma ɗaya ta isa. Baƙin mai da filta, a ɗaure notin ƙasa da kyau, sarƙa a wanke a saita, a bi duk notuka, a tabbatar totur na komawa da kansa in ka sake shi, shokzoba na gaba ba ya yoyo. Na baya ne kawai ke da wurin juyawa a mashin ɗinka, a saita shi da nauyinka kana sanye da kaya. Madubi a cire, fitilu a manne da salatif. Wasu filayen na cewa a zubar da koren ruwan lagireto a sa ruwan distil don in ya zube a kwalta santsinsa kamar mai ne, wasu kuma sai an ɗaure notin baƙin mai da waya, kowane fili da dokarsa, na Dirab daban na Reem daban, haka na Sakhir in wata rana ka tsallaka gada zuwa Bahrain. Ka kira su sati guda kafin nan a karanto maka sharuɗɗa, kar ka biya kuɗin shiga a tsayar da kai a wurin bincike saboda salatif.

Ba ka faɗi abin da za ka sa a jikinka ba, kuma nan ne kuɗinka zai ƙare. Hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya mai tambarin gwajin inganci na ECE, 22.05 ko 22.06, sabuwa, kar ka sayi ta hannu don ba ka san ko ta taɓa bugun ƙasa ba. Rigar fata guda ko biyu masu haɗuwa da zif, safar hannu mai rufe wuyan hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da farantin kare ƙashin baya. Rigar fata da takalmi za ka iya saya na hannu ko ka ara, ka duba ɗinki kawai. In 3000 ɗin ba ta kai taya da birki da kayan jiki da kuɗin shiga ba, ka ɗaga tafiyar zuwa albashi na gaba, ka je ka yi kallo wannan karon. Ka kuma karanta takardar ta'amin ɗinka, wato inshora, galibi ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere, duk abin da ya fashe daga aljihunka ne.

Ranar, ka shiga rukunin sababbi ko da abokanka na sama, ka sha ruwa sosai tun daren, in ka ji hankalinka ya fara rabuwa ka fito ko lokaci bai cika ba. Ka faɗa wa wani naka inda za ka, ka sa iƙama, katin izinin zamanka, da lambar wanda za a kira a aljihun riga.

Ka ɗauko min hoton lambobi huɗun nan na tayoyin da ke kan mashin ɗin yanzu, da hoton kofin man birki in ga kalarsa, da fad ɗin gaba ta gefe. In na gani zan faɗa maka abin da zai jira da wanda ba zai jira ba, sai mu raba kuɗin. Wancan mai silik ɗin kuma ka ce masa ka fasa. Ka gaida Hajiya.