Asusun tafiya: amsoshin tambayoyinku kan tara canji don fita da iyali

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan makon tambayoyin da suka fi yawa duk a kan asusu ne, musamman masu son tara 'yan canji su fita da yara su ga gari, to na zaɓo guda huɗu da nake ganin in na amsa su na amsa wa sauran ma.

Ta farko daga wata uwa ce a Gyallesu, ga abinda tace: "Salam Anti, yarana huɗu, babban shekararsa 11, kuma wallahi banda Giwa da muka taɓa zuwa biki ba su taɓa fita daga Zariya ba. Inaso in fara tara canjin cefane in kai su Kano gidan yayata su ga gidan zoo. Wane asusu zan saya, na ƙasa ko na katako ko in sa mai walda ya yi min na ƙarfe?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya miki su. Kinga kafin ki sayi asusun ma akwai abinda nake so ki fara yi, ranar da kika samu sarari ki hau keke ki je Kwangila ki tambayi kuɗin kujera ɗaya zuwa Kano, ki lissafa kujera nawa za ku ci, don ɗan shekara 11 ba zai zauna a cinya awa biyu da wani abu ba, ki ninka shi biyu saboda dawowa, ki ɗora kuɗin adaidaita a cikin Kano, kuɗin shiga gidan zoo, ruwa da ɗan abin taɓawa na yara, sannan tsaraba, don ai ba za ki shiga gidan yayarki hannu rabbana ba. Abinda ya tashi ki ƙara masa kamar kashi ɗaya cikin huɗu a kai saboda kuɗin mota baya zama waje ɗaya, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda abin yake. Ki rubuta adadin a takarda ki manna a jikin asusun. Yawancin asusun da ake fasawa a tsakiyar hanya rashin wannan adadin ne yake jawo shi, mutum yana ta zubawa bai san inda zai tsaya ba, ranar da ya gaji sai ya fasa.

Yanzu maganar wanne za ki saya. Na ƙasa shine wanda muka taso da shi, wanda muke kira banki muna yara, yana da arha kuma amfaninsa ɗaya babba, ba a buɗe shi sai an fasa, to kunyar fasawar ma tana riƙe hannun mutum. Amma an yi shi ne tun zamanin sulalla, lokacin da kwabo da sisi da sule suke sayen abu. Yau kuɗinmu takarda ne da leda, kuma ƙasa tana jan danshi, in damina ta yi nisa wajen Agusta kinsan yadda ɗakunanmu suke yi, sai ki fasa ki tarar 'yan ɗari biyu sun manne da juna suna warin rima. Na katako kuwa ni bana ba kowa shawararsa, kuma ba a bakin wani naji ba. Shekarun baya na sa kafinta ya buga min ɗan akwati, na tura shi can ƙarƙashin gado jikin bango, wata bakwai ina zuba masa 'yan ɗari da ɗari biyu don in kai yarana wajen kakarsu da hutu. Ranar da na jawo shi naji ya yi nauyi har na fara murna, ashe ƙasa ce, gara ta huda ta gindi ta gina hanyoyinta a ciki, ina ɗaga takardun suna zubewa kamar dusa, wata 'yar ɗari biyu rawanin Sardauna kawai ya rage a jikinta. Abinda ya tsira 'yan muri da hamsin ne saboda su leda ne gara bata cin su. Na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, ba don kuɗin kaɗai ba, don na riga na yi wa yaran alkawari kuma kullum suna ƙirga kwanaki.

Saboda haka ni dai nawa, ko na ƙarfe wajen mai walda, ki ce ya yi bakin siriri yadda tsinke ba zai iya jawo kuɗi ba, ko kuma abinda ba zai ci miki ko sisi ba, robar nan mai murfi ta man gyaɗa ko gwangwanin madara babba, ki wanke ki shanya ya bushe ƙarau, ki tsaga murfin ki naɗe shi da salatif. Ki ajiye a sama cikin wadrof ko saman sif, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada kuma ya kusanci risho ko gas don kuɗin leda in suka ji zafi ƙanƙancewa suke yi. In roba ce mai nuna ciki yara sun fi jin daɗinta, suna ganin kuɗin yana hawa, sai ki ga da kansu suna kawo ragowar kuɗin tara da barka da Sallah suna jefawa, wanda kuma wannan tarbiyyar ni a wajena ta fi tafiyar ma daraja. Sai dai in kinsan gidanku gidan yawa ne ana shige da fice, to ki haƙura da mai nuna ciki ki yi na ƙarfen.

Tambaya ta biyu wani malamin makaranta ne daga Samaru: "Hajiya ina wuni. Ni matsalata yanzu canjin ma babu, albashi ta banki, shago turansifa, mai kayan miya ma yana da lambar akawun. Kuma in na samu naira 20 ko 50 sai in ga me za su yi. Shin asusu yana da sauran amfani kuwa, ga naira kullum tana faɗuwa?"

Lafiya lau Malam, kuma gaskiya ka faɗa, duka biyun. In ka ce sai canji ya faɗo hannunka da kansa za ka saka, to shekara za ta zagayo baka tara kuɗin zuwa Kaduna ba. Sulallan naira 1 da naira 2 da Babban Banki ya fitar a 2007 yau ko yaro ka miƙa wa ba zai karɓa ba, naira 5 da 10 ma sun kusa bin sahunsu. Don haka canjin ƙirƙirarsa ake yi. Ka yanka wa kanka adadi, misali naira 500 kullum, kamar yadda kake ba mai adashi, in ka yi kwana 300 kana sakawa kana da 150,000, in 200 ce ƙarfinka a wata 6,000 ke nan, wata goma 60,000. Ba ƙaramin kuɗi bane ga mutumin da yake cewa ba shi da abin tarawa. In kuɗin takarda baya zuwa hannunka, ranar albashi ka cire na watan gaba ɗaya sau ɗaya wajen mai POS don kada cajin ya yi ta cinka, ka miƙa wa uwargida ta zuba. Ko ka buɗe wani akawun daban wanda ba ka karɓi katinsa ba, duk sanda ka yi sayayya ka tura ɗan abinda ya rage ya cika dubu, amma fa ni na fi son a samu asusun da ake gani da ido a gida ko da rabin kuɗin ne, saboda yara ba sa ganin abinda ke cikin waya.

Maganar faɗuwar naira kuma ita ce ta sa bana yarda asusu ya wuce shekara ɗaya. Asusu baya haihuwa, dubu goman da ka saka da azumin bana ba ita za ka fasa da azumin baɗi ba ko da lambar bata canza ba. Ka sa wa tafiyar rana a kusa, wata shida zuwa goma, in kuma akwai abinda tafiyar take buƙata wanda baya lalacewa, jakar kaya, kular ruwa, atamfar da za a kai wa Hajiya tsaraba, to duk bayan wata uku ka buɗe ka saye shi tun da farashinsa na yau. Kuma kada mu manta da abinda ya faru a farkon 2023, bayan da aka canza fasalin 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 aka sa wa'adin 31 ga Janairu, mutane nawa muka gani a layin bankunan unguwar PZ ta nan Zariya da kuɗin asusu a leda suna roƙon a karɓa, wasu sun sayi kayan da ba su buƙata don kawai su rabu da tsofaffin kuɗi, sai daga baya Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da amfani da su. Wanda ya ga wannan ba zai bar dubban kuɗi su yi ta kwana a gwangwani shekara da shekaru ba.

Ta uku ta ce in sakaya unguwarsu: "Anti sau biyu muna fara asusu ni da maigida, sau biyu yana fasawa, na farko gas ya ƙare na biyu kuɗin makaranta, yace zai mayar har yau shiru. In fara ɓoye nawa ne kada ya sani?"

Kayya 'yar uwa, naji zafin abin, amma bari in faɗa miki tsakani da Allah, gas da kuɗin makaranta ba shashanci bane, mutumin da ya fasa asusu don yaransa kada a koro su daga aji ba mugu bane, matsi ne. Matsalar ku asusu ɗaya kuke da shi kuna ɗora masa aiki biyu. Ku yi guda biyu, ɗaya na ko-ta-kwana wanda kowa ya san ana iya buɗe shi in abu ya taso, ɗaya na tafiya, kuma na ko-ta-kwanan shi za a fi ba ƙarfi da farko. Na tafiyar ki sa yara su rubuta sunayensu a jiki, su suke jefa kuɗin da hannunsu a gaban babansu, uba kaɗan ne zai iya ɗaukar guduma ya fasa abin da 'yarsa ta rubuta sunanta a kai.

Ɓoyewa kuwa, in kuɗin sana'arki ne, na kitso ko na zoɓon da kike sayarwa, haƙƙinki ne ki adana yadda kika ga dama, ba wanda zai ce kin yi laifi. Amma in ragowar cefane ne ki gaya masa, ki ce Baban wane ga abinda nake yi da canjin da yake ragewa ka yafe min shi, yawanci ba sa hanawa, kuma kin huta da ranar da zai tsinci gwangwani a bayan kwalla ya fara tunanin me kuma ake ɓoye masa. Tafiyar ma ai sai da izininsa za a yi ta.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya: "Mun tara kamar 180,000 ni da iyali mu shida, yara suna cewa Yankari, ni kuma ina tsoron kada kuɗin su yanke mana a hanya. Mu je ko mu canza wuri?"

Alhaji Yankari wuri ne da ya kamata duk ɗan Arewa ya gani ko sau ɗaya, ruwan Wikki kaɗai ya isa, ɗumi gare shi dare da rana kuma garau kana hango yashin ƙasansa, ga giwaye in an yi sa'a, ga birai da za su fizge ledar burodi a hannun yaro in bai yi hankali ba. Amma daga nan tafiya ce ta yini, ka bi ta Pambeguwa da Saminaka ka shiga Jos, ka wuce Bauchi, sannan ka ɗauki hanyar Gombe ka ratse, ba wajen da ake zuwa a dawo a rana ɗaya bane, dole kwana biyu aƙalla, ga ɗaki ga abinci ga kuɗin shiga ga na motar zagaya daji, mutum shida. Ni a ganina 180,000 za ta matse ku, kuma babu abinda ya kai ciwo irin uba yana wajen shaƙatawa yana lissafi a zuci yara na cewa Baba saya mana yana kawar da kai. Kuma dabbobin an fi ganinsu da rani in ciyawa ta bushe suna taruwa bakin ruwa, in dogon hutun damina kake nufi to ba lokacinsa bane ma.

Abinda zan ce, ku raba kuɗin. Ku ɗauki wani kaso ku je Kano wannan hutun, gidan zoo na Audu Bako, gidan tarihi na Makama, ku hau Dala yara su hango birni, in akwai ɗan uwa a can an huta da kuɗin masauki an kuma sada zumunci. Ragowar ya zama jarin asusun Yankari, ku sa masa rana a watan Disamba ko hutun da ke biye, ka nemi wani amininka mai iyali ku haɗa ku ɗauki shatar bas ɗaya, ya fi arha a kan kujera-kujera kuma kuna tsayawa sallah inda kuka so. Kafin ranar ka tambayi direbobin da suke bin hanyar Jos kullum halin da hanya take ciki, su suka fi kowa sani, ku fita bayan asuba kada dare ya same ku a hanya. In kuma yaran sun matsa kafin nan, ranar wata Asabar ka sa a dafa shinkafa a zuba a kula ku tafi gindin Kufena ta Wusasa, kuɗin keke kawai zai ci maka.