Zuciya ta gaza, bugunta kuma ya birkice: wanne ake fara magancewa?

Malama, kin ce likita ya gano mahaifiyarki na da gazawar zuciya da birkicewar bugu a ɗakunan sama na zuciya, kina tambayar wanne za a fara bi. Tare ake bin su, domin kowanne na rura wutar ɗan'uwansa. Bugu mai sauri na gajiyar da tsokar zuciya, zuciyar da ta faɗaɗa saboda rauni kuma takan rasa tsarin bugunta.

Gwajin ECG, wanda ke zana tsarin bugun zuciya a takarda, shi ne ke tabbatar da birkicewar, hoton eko (sikanin na zuciya) kuma ya nuna ƙarfin turo jini da lafiyar bawul, wato ƙofofin da jini ke bi a cikin zuciya. A duba jini saboda ƙoda da sinadarin tayirod (halittar da ke gaban wuya, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo).

Babban abin tsoro shi ne shanyewar ɓarin jiki, saboda jini kan daskare a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake ba da maganin hana daskarewar jini. Idan bawul ɗin mitral, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagun zuciya, ya tsuke sakamakon zazzaɓin rumatik (ciwon gaɓoɓi da zuciya da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro), wanda har yanzu ake gani sosai a ƙasarmu, warfarin ake ba da shi, tare da gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai. In ba haka ba, apixaban ya fi sauƙin sha. Asfirin bai wadatar ba, ko da mai kemis ya rantse miki.

Bisoprolol ko carvedilol na rage saurin bugu, wani lokaci a ƙara digoxin. Diltiazem da verapamil, su ma magungunan rage saurin bugu ne, amma ba sa dacewa da zuciya mai rauni. Furosemide na cire ruwan ƙafa da huhu. Mama ta rage gishiri da kanwa, kuma kada ta bar magani don ta ji sauƙi.