Kwamfutar da ba a cika amfani da ita ba: a bar ta a kunne ko a kashe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da kwamfutar tebur a ofishin Islamiyyarmu, wadda ba ma taɓa ta sai ranar Asabar idan za mu shigar da sakamakon ɗalibai. An ce mini yawan kashewa da kunnawa yana lalata faifan ajiya, gara a bar ta a kunne. Mene ne gaskiyar lamarin?
Daga wani malami a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ku riƙa kashe ta gaba ɗaya idan kun gama, sannan ku zare filoginta daga soket.

Maganar da aka faɗa maka tana da tushe, domin faifai irin na HDD yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma lokacin tashi ne injinsa ya fi shan wahala. Sai dai an ƙera shi ne don ya jure tashi da tsayawa sau dubbai masu yawa, alhali ku sau 52 kacal za ku kunna shi a shekara. Abin da ya fi yi masa illa shi ne a ɗauke wuta kwatsam yana tsakiyar rubuta bayanai, ko a dawo da ita da ƙarfi, kuma kwamfutar da ke kunne dare da rana ba mai tsaro ita ce ta fi fuskantar wannan haɗari. Ga kuma asarar kuɗi: idan tana jan wat 40, za ta cinye kusan yunit 29 a wata ba tare da ta yi aikin komai ba. Yanayin barci (sleep), wato a kwantar da kwamfutar ba tare da an kashe ta gaba ɗaya ba, shi ma bai dace da ku ba, saboda aikin da ke buɗe yana zaune ne a RAM, wato wurin ajiyar wucin gadi na kwamfuta, wanda yake gogewa da zarar wuta ta tafi.

Idan kuwa SSD ce a ciki, wato sabon nau'in ma'ajiya da ake sawa a madadin HDD, babu abin da ke juyawa, amma ba a so ta shekara ba ta ga wuta ba, musamman a ɗaki mai zafi. Kunnawar mako-mako ta wadatar.

Ku rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe fanka, kuma kada a motsa ta tana aiki. Ina kuma roƙonku da ku riƙa kwafe sakamakon ɗaliban a filash duk ƙarshen zango, ku ajiye shi a wani wuri dabam da ofishin.