Fatawa: Asibiti Ko Gidan Mari? Hukuncin Yaye Mai Shan Ƙwaya A Hannun Likita

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya ya faɗa shan tiramol da kodin, yanzu har da roci. Yakan yi kuka ya rantse ya daina, amma ba ya kwana biyu sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa su kayar da shi, ya koma. Mun ga likita, ya ce a kwantar da shi, kuma akwai maganin da za a riƙa ba shi, dangin abin da yake sha, ana rage masa sannu a hankali. Mahaifiyarmu ta ce wannan maganin haram da haram ne, kuma ba za ta yarda a ce ɗanta ya kwanta a asibitin mahaukata ba. Baffanmu kuwa ya ce a kai shi gidan mari a sa masa ƙarfe, ya sha bulala da rubutu. Mene ne hukunci? Kuma zan iya biyan kuɗin asibitin daga zakkar kasuwancina? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, ku kai shi asibiti. Abin da likitan ya faɗa halal ne da sharuɗɗan da za su zo, kuma idan ana jin tsoron halakarsa, kai shi ɗin ya zama wajibi a kan wanda ke da iko. Ɗaure shi da dukansa kuwa bai halatta ba.

Maganar Hajiya ba daga son zuciya ta fito ba, tana da asali. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ bn Suwaid ya tambayi Annabi (SAW) game da giya, ya ce yana haɗa ta ne don magani, sai Annabi ya ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce. Wannan hadisi yana nan daram, shi ya sa ba a yi wa mashayin giya magani da giya. A asibiti ma wasu magunguna daban ake ba shi don kare shi daga jijjiga da ruɗewa a kwanakin farko.

Sai dai malamanmu na Malikiyya ba su zuba duk abin da ke taɓa hankali a kwando ɗaya ba. Imam Ƙarafi a cikin Alfuruƙ ya kasa su uku. Akwai muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi irin na giya. Akwai mufsid, mai rikita hankali ba tare da wannan nishaɗin ba. Akwai murƙid, mai kwantar da mutum ya daina ji da gani. Na farkon ne kaɗai najasa, shi ke da haddi, kuma ɗigonsa ma haram ne. Sauran biyun, abin da aka haramta shi ne shan adadin da zai taɓa hankali ba tare da lalura ba. A kan wannan ne ake yi wa mutum allurar barci kafin tiyata, kuma likita ke rubuta wa wanda aka yi wa aiki tiramol ɗin nan da kansa, ba wanda ya ce an yi saɓo. Shan da ƙanenki ke yi don ya bugu haram ne, babu ja a kai. Abin da likita zai auna masa don ya raba shi da buguwar hukuncinsa daban.

Mas'alar taku ma da kanta malamai sun yi magana a kanta tun ƙarni na goma na Hijira. Imam Haɗɗab, mai sharhin Mukhtasar Khalil, ya ce a cikin Mawahibul Jalil wanda aka jarabta da cin afyun, wato wani abin maye da ake tatsa daga tsiro, har yana tsoron mutuwa idan ya bari, ya halatta ya yi amfani da gwargwadon da ba zai taɓa hankalinsa ba, ya dage wajen ragewa har ya yanke, kuma dole ya tuba ya yi nadamar abin da ya wuce. Ibn Hajar Alhaitami na Shafi'iyya ya ba da irin wannan fatawa, ya ƙara da cewa ragewar kaɗan-kaɗan wajibi ce, wanda ya ƙi ragewa mai zunubi ne. Daga afyun ɗin nan ake samun kodin, tiramol kuma irin aikinsa yake yi a jiki. Don haka masu cewa wannan hanya dabarar Turawa ce su koma su buɗe littattafan da ke cikin zaurukanmu.

A lura da kyau: hukuncin Allah ba a rage shi, haramcin ya cika tun ranar da ayar Suratul Ma'ida mai haramta giya ta sauka. Jiki ne ake yayewa. Dalilin sassaucin shi ne faɗin Allah a Suratul An'am, aya ta 119, cewa ya bayyana muku abin da ya haramta muku sai abin da lalura ta tilasta ku gare shi. Lalura kuwa gwargwadonta ake auna ta. Saboda haka likitan da ya san fannin ne zai yanke adadi da tsawon lokaci, ba mai kemis ba, ba abokin da ya ce shi ma haka ya daina ba. Maganin ya kasance a hannun ma'aikatan jinya ko wani babba a gida. Yaron kuma ya shiga da niyyar rabuwa da abin.

Batun rocin nan ya fi tayar mini da hankali. Ƙwayoyin barci irinsa da diazepam, idan jiki ya saba da su aka yanke dare ɗaya, suna iya jawo jijjiga kamar farfaɗiya, har a rasa rai. To a ce an kulle irin wannan yaro a ɗaki da ƙarfe a ƙafa, ba likita kusa, wa zai amsa tambayar ransa gobe ƙiyama?

Baffa alheri yake nufi, amma mun ga abin da aka gani. A Satumbar 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa, nan Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka, makonni kaɗan bayan haka aka sake samun irinsa a Daura. Haddi da ta'aziri aikin hukuma ne bayan shari'a, ba a ba wa baffa ko malamin unguwa ba. Muslim ya ruwaito daga Hisham bn Hakim cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. Ga kuma wani haɗari da iyaye ba su cika sani ba: wanda aka tsare watanni ba magani ba nasiha, jikinsa ya manta yawan da ya saba, ranar da ya fito ya haɗiyi adadinsa na da, numfashinsa na iya tsayawa. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a kuwa ku yi ta yi, ba su hana asibiti ba, asibiti bai hana su ba. Annabi (SAW) da ya koya mana ruƙiyya shi ne ya ce, "Ku nemi magani, ya bayin Allah."

Sai kunyar da Hajiya ke ji. Ki lallashe ta da hadisin Bukhari na sahabin da ake yawan kawowa saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ki kuma gaya mata ba gidanku kaɗai ba ne: binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda. Gaya wa likita halin yaron ba tonon asiri ba ne, ba giba ba ce. Imam Nawawi ya lissafa neman taimako don kawar da munkari cikin wuraren da aka halatta ambaton aibin mutum. Suturar da aka umarce ku da ita ita ce kada ku baza shi a dangi da unguwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana kusa da ku, akwai irinsa a Kware da Maiduguri, akwai Dawanau a Kano, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali.

Zakka: ciyar da ƙane ba ya cikin nafaƙar da ta wajaba a kanki a mazhabar Malik, don haka idan fakiri ne ya halatta ki ba shi, har kina da ladan sada zumunci a kai. Amma kada ki danƙa masa kuɗi a hannu, domin malamai sun hana bai wa wanda ake kyautata zaton zai kashe ta a saɓo. Ki sanar da shi, ya wakilta ki, ki biya asibitin kai tsaye a madadinsa.

Idan aka sallame shi ya sake zamewa, kada ku ce magani ya ƙi. Wannan ciwo yakan yi haka. Ku mayar da shi wurin likitan da wuri, ku raba shi da majalisar da yake zama, ku nema masa abin yi, shi kuma ya sake tuba ko sau nawa ne. Allah ya shirye shi, ya ba shi lafiya.

Wallahu a'alam.